Kyauta Mai Sharaɗi: Rigimar Haƙƙin Ƙirƙira a Lasisin Buɗaɗɗun Manhajoji

A watan Yulin 2017 Gidauniyar Apache, wadda ke riƙe da ɗaruruwan manhajojin da intanet ke tafiya a kansu, ta sanar da masu ayyukanta cewa daga yanzu ba za su ƙara saka manhajar da Facebook ya saki da lasisinsa na musamman a cikin aikinsu ba. Hankalin jama'a nan take ya koma kan React, manhajar gina fuskar shafukan intanet da dubban masu sana'ar suka rungume ta hannu bibbiyu. Kyauta ake sauke ta, rubutunta a buɗe yake, kana iya gyara ta, kana iya sayar da abin da ka gina da ita. To ina aibin? Yana cikin wani ɗan fayil mai suna PATENTS da ke gefen lasisin, wanda ba kowa ke damuwa ya buɗe shi ba.

Kafin a gane abin da ke cikin fayil ɗin sai an raba haƙƙoƙi biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko haƙƙin rubutu ne. Da zarar mutum ya rubuta manhaja, layukan da ya rubuta nasa ne, ba a kwafe su sai da izininsa, kuma ba ya bukatar zuwa wani ofis ya nema. Na biyu haƙƙin ƙirƙira ne, wanda a Turance ake kira patent, shi kuma nema ake yi a wurin hukuma, a biya kuɗi, a jira. Idan an bayar, mai shi yana da ikon hana kowa ƙera dabarar, ko amfani da ita, ko sayar da ita, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda. Ba rubutu yake karewa ba, dabarar kanta yake karewa. Saboda haka ko da mutum bai taɓa ganin aikin wani ba, ya zauna ya yi tunaninsa ya rubuta nasa daga tushe, idan dabarar ta zo ɗaya, ya taka haƙƙin. Rashin sani ba ya wanke shi.

Daga nan matsalar ta taso. Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja tun asali izini ne a kan haƙƙin rubutu. Kamfani na iya ba ka wannan izinin baki ɗaya, alhali yana riƙe da shaidar ƙirƙira a kan dabarar da ke cikin manhajar. Kamar a ba ka gona kyauta da takarda, amma hanyar shiga gonar ta mai bayarwa ce, kuma bai ce uffan a kanta ba. Ka yi shuka, amfani ya nuna, sannan ya zo ya ce a biya kuɗin hanya.

Masu rubuta manhaja ba su ɗauki wannan a matsayin tatsuniya ba, domin sun gani a kan GIF. Tun 1987 ake amfani da wannan tsarin hoto, kowa na ɗaukarsa na kowa, sai a ƙarshen 1994 aka sanar cewa kamfanin Unisys zai fara karɓar kuɗi saboda dabarar matse bayanai ta LZW da ke cikinsa tasa ce. Wannan ne ya haifar da PNG, kuma sai a 2003 wa'adin haƙƙin ya ƙare a Amurka. MP3 ma haka: Fedora, ɗaya daga cikin masu rarraba Linux, buɗaɗɗen tsarin tafiyar da kwamfuta, ta yi shekaru ba ta saka shi a cikin tsarinta ba, sai da haƙƙoƙin suka ƙare.

Tsofaffin lasisin nan biyu da suka fi shahara, MIT da BSD, an rubuta su ne a jami'o'in Amurka a shekarun 1980, lokacin da ba a cika ba da shaidar ƙirƙira a kan manhaja ba. Gajeru ne, ana karance su cikin minti ɗaya, kuma babu inda suka ambaci haƙƙin ƙirƙira. Lauyoyi sun rabu a kan wannan shirun. Wasu na cewa izinin yana nan a ciki, domin lasisin MIT ya ba da damar amfani da manhajar da sayar da ita ba tare da wani ƙaidi ba, kuma amfani da sayarwa su ne ainihin abubuwan da dokar ƙirƙira ta Amurka ke ba mai haƙƙi ikon hanawa. Ba zai yiwu mutum ya ce maka yi amfani, ka sayar, gobe kuma ya kai ka kotu don ka yi amfani ka sayar ba. Wasu kuma na cewa hujjar na da kyau, amma iyakarta ba a san ta ba. Idan ka gyara manhajar fa? Idan kamfanin ya sayar da shaidar ƙirƙirar ga wani fa? Lauyan da aikinsa shi ne ya kare kamfani ba ya son gina gida a kan abin da alƙali zai iya fahimta ko ya ƙi fahimta.

Richard Stallman, jagoran fafutukar manhaja mai 'yanci kuma marubucin lasisin GPL, ya hango haɗarin tun da wuri. A lasisin GPL na biyu, na 1991, an faɗa a gabatarwa cewa shaidun ƙirƙira barazana ce ta kullum ga manhaja mai 'yanci. Sashe na 7 kuma ya kafa doka mai tsauri: idan wani hukunci ko wata yarjejeniyar ƙirƙira ta hana ka rarraba manhajar yadda kowa zai same ta da cikakken 'yancinta, to kada ka rarraba ta sam. Wannan ya toshe wata ƙofa, amma bai fito fili ya ce mai rubutu ya ba da izinin ƙirƙirarsa ba.

Wanda ya fito fili, kuma ya zama abin koyi, shi ne lasisin Apache 2.0 na Janairun 2004. Sashensa na 3 ya ƙunshi abu biyu. Na ɗaya, duk wanda ya ba da gudummawar rubutu ya ba kowa izini na dindindin, kyauta, a duk duniya, a kan shaidun ƙirƙirarsa. Amma ba dukkansu ba, sai waɗanda gudummawar tasa, ita kaɗai ko haɗe da aikin da ya saka ta, ba za ta yi aiki ba sai an taɓa su. Wannan iyakar ce ta ba manyan kamfanoni natsuwar barin ma'aikatansu su shiga irin waɗannan ayyuka, domin injiniya ɗaya da ya gyara layi goma ba zai sadaukar da dukan rumbun kamfani ba. Na biyu shi ne sharaɗin ramuwa. Idan ka shigar da ƙara kana cewa wannan manhajar ta taka haƙƙin ƙirƙirarka, to izinin ƙirƙirar da aka ba ka a kanta ya faɗi daga ranar da ka shigar da ƙarar. A lura da kyau: a kan wannan manhajar kaɗai. Kana iya kai kamfanin da ya rubuta ta kotu a kan wani abu dabam, izininka na nan daram.

Yawancin rigimar da ta biyo baya a kan faɗin wannan sharaɗin ramuwa take. Kafin Apache 2.0 an gwada masu faɗi. Lasisin Mozilla na 1.1 da lasisin CPL na IBM duk suna da sharaɗin da ke iya kwace maka izini idan ka kai mai gudummawa kotu a kan wani abin da bai shafi manhajar ba. Daga baya duka bangarorin sun ja da baya: lasisin Eclipse da ya gaji CPL ya cire wannan faɗin, Mozilla ma ta rage shi a lasisinta na 2.0 a 2012. Wato tun kafin Facebook ya shigo, an riga an bi wannan hanya an dawo.

Ko mai ƙuncin ma bai sha lafiya ba. FSF, gidauniyar manhaja mai 'yanci ta Stallman, ta ce Apache 2.0 lasisi ne mai 'yanci, amma ba ya haɗuwa da GPL na biyu, domin GPL na biyu ya hana ƙara wa mai karɓa wani sharaɗi, sharaɗin ramuwa kuwa ƙari ne. Sakamakon haka ba a iya ɗaukar rubutu mai lasisin Apache 2.0 a zuba shi cikin zuciyar Linux, wadda ke kan GPL na biyu har yau. Mutanen OpenBSD, wani buɗaɗɗen tsarin tafiyar da kwamfuta, su kuma ta wata fuska suka ƙi shi. A ganinsu lasisi ya tsaya a kan haƙƙin rubutu, ya zama gajere yadda mai rubuta manhaja zai karanta ya gane ba sai da lauya ba, kuma da zarar an cusa masa sharuɗɗa irin na kwangila ya tashi daga kyauta. Lokacin da Apache ta sauya lasisi, sun ci gaba da riƙe tsohuwar manhajar sabar tata na tsawon shekaru maimakon su karɓi sabuwar. Na ga wasu na yi musu kallon masu taurin kai, amma maganarsu ba ta wofi ba ce: lasisin da sai lauya ya fassara maka shi ya fi yi wa mai lauya amfani. Masu Rust, wani harshen rubuta manhaja, sun kauce wa rigimar ta hanyar sakin aikinsu da lasisi biyu, MIT da Apache 2.0, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa.

A Nuwamban 2006 aka ga inda sashe na 7 na GPL ke yoyo. Microsoft da Novell, mai rarraba SUSE Linux, suka ƙulla yarjejeniya wadda a ciki Microsoft ya yi alkawarin ba zai kai abokan cinikin Novell kotu ba. Dabarar a nan take: ba Novell aka ba izini ba, abokan cinikinsa aka yi wa alkawari, don haka a rubuce ba a karya GPL ba. Amma saƙon a fili yake, cewa wanda ya sayi Linux a wurin Novell ya tsira, sauran kuwa su yi ta kansu. Jeremy Allison, ɗaya daga cikin marubutan buɗaɗɗiyar manhajar Samba, ya ajiye aikinsa a Novell saboda wannan. A 2007 Microsoft ya ƙara da iƙirarin cewa Linux da sauran buɗaɗɗun manhajoji sun taka shaidun ƙirƙirarsa 235, bai kuma lissafa su ba. GPL na uku, da ya fito ranar 29 ga Yunin 2007, an rubuta shi da wannan a zuci. Ya sa mai gudummawa ya ba da izinin ƙirƙira a kan dukan sigar da ya saki, ba guntun da ya ƙara kaɗai ba. Ya ce idan ka yi wa wasu masu karɓa alkawarin kariya, alkawarin ya game kowa. Ya kuma haramta irin yarjejeniyar Novell, amma ga waɗanda aka ƙulla daga 28 ga Maris 2007 zuwa gaba, wanda hakan ya bar ta Novell ɗin kanta a waje.

To, React. Da farko a 2013 lasisin Apache 2.0 ne a kanta. A ƙarshen 2014 Facebook ya mayar da ita kan BSD ya haɗa da fayil ɗin PATENTS, ya kuma sassauta kalmominsa a Afrilun 2015 bayan ƙorafi. Fayil ɗin yana ba da izinin ƙirƙira a sarari, abin da BSD tsuransa bai yi ba. Amma izinin zai faɗi idan kai, ko wani reshen kamfaninka, kuka shigar da ƙarar ƙirƙira a kan Facebook ko rassansa, a kan ko mene ne. Ka ɗauka ƙaramin kamfani ne ya ƙirƙiro wata dabarar tabarau na ganin duniyar kwamfuta, shafinsa na intanet kuma da React aka gina shi. Ya ga kamar Oculus, kamfanin irin wannan tabarau da Facebook ya saya, ya ɗauki dabararsa. Ranar da ya shigar da ƙara, izinin ƙirƙirar da yake da shi a kan React ya tafi, alhali React ba ta da alaƙa da tabarau. Shi kuwa Facebook babu abin da zai rasa idan shi ya fara kai ƙara, illa dai an yarda wanda aka kai ya mayar da martani a kotu ba tare da izininsa ya faɗi ba, muddin martanin bai shafi manhajar ba.

Facebook na da tasa hujjar, kuma adalci ne a faɗe ta. A 2012, dab da zai shiga kasuwar hannun jari, Yahoo ya kai shi kotu a kan shaidun ƙirƙira 10. Kamfani ne da ake yawan kai wa irin wannan farmaki. A watan Agustan 2017, da ya ƙi sauya lasisin, cewa ya yi sharaɗin kariya ce daga ƙararraki marasa tushe, kuma da kowa zai yi irinsa da ƙararrakin sun ragu. Ya kuma bayyana cewa izinin ƙirƙira ne kawai ke faɗuwa, izinin rubutu na BSD yana nan. Masu goyon bayansa suka ce, to ai wanda izininsa ya faɗi ya koma daidai da mai amfani da BSD tsura ne, ina asarar?

A nan nake ganin hujjar ta gaza. Mai BSD tsura yana iya tsayawa gaban alƙali ya ce an ba ni izini a fakaice. Wanda aka rubuta masa izini aka kuma rubuta ranar faɗuwarsa, wannan hujjar ta yi masa wuya, domin an riga an faɗi komai a sarari. Sannan maganar a ce kowa ya yi irinsa ba ta yi wa kowa daidai. Idan Facebook ya saki manhajar da rabin kasuwa ke dogara da ita, ya sayi kariya daga rabin kasuwa. Ƙaramin kamfani da ya saki tasa da irin sharaɗin bai sayi komai ba, domin Facebook na iya barin ta ya rubuta wata. Hujjar Apache ita ma ta aiki ce: duk wanda ya ɗauki manhaja daga wurinta ya san sharuɗɗan da ya shiga, ba za ta bari a ɓoye masa wani a ƙarƙashi ba.

Abin da ya karya gwiwar Facebook bai fito daga lauyoyi ba. A tsakiyar Satumban 2017 Matt Mullenweg, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro WordPress, ya sanar cewa WordPress ɗin, wadda a lokacin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na shafukan intanet ke kanta, za ta sake rubuta sabon editanta na Gutenberg ba tare da React ba. Bai ce sharaɗin ya tsorata kamfaninsa ba. Damuwarsa ita ce ba zai ɗora wa miliyoyin masu amfani da WordPress abin da da yawa daga cikinsu ba su natsu da shi ba. Ranar 22 ga Satumba Facebook ya ce zai mayar da React, Jest, Flow da Immutable.js kan lasisin MIT, kuma bayan kwana huɗu React 16 ta fito da shi. React Native ta biyo baya a farkon 2018.

An yi ta murna, amma a duba abin da aka samu. An fita daga lasisi mai izinin ƙirƙira a rubuce, mai mummunan sharaɗi, an koma wanda bai ce komai ba. Apache 2.0, wanda React ta faro da shi, yana nan, ba a koma masa ba. RocksDB, manhajar Facebook ɗin da a kanta maganar ta taso a Apache, ita ce ta fi dacewa, domin an ba ta lasisi biyu, Apache 2.0 da GPL na biyu. A 2017 ne kuma OSI, ƙungiyar da ke tantance lasisin buɗaɗɗun manhajoji, ta amince da wani lasisi da Intel ya gabatar, BSD mai sashe biyu haɗe da izinin ƙirƙira, wanda sunansa ya yi kama da na Facebook har ake rikita su, alhali shi babu wancan sharaɗin a cikinsa.

Akwai kuma waɗanda ba shiru suka yi ba, cewa suka yi ba su bayar ba. CC0 na Creative Commons, wanda ake ɗauka shi ne ƙarshen kyauta domin mai shi ya sallama haƙƙin rubutunsa gaba ɗaya, yana da layi da ke cewa sallamawar ba ta shafi haƙƙin ƙirƙira ba. Wannan layin ne ya jawo gardama a OSI har aka janye neman amincewa da shi a 2012. Bayan shekara goma, a Yulin 2022, Fedora ta ce ba za ta ƙara karɓar sabuwar manhaja mai CC0 ba, ko da yake ta bar shi ga hotuna da rubuce-rubuce.

Duk wannan gardamar a kan waɗanda ke cikin gida take, wato masu rubutawa da masu amfani. Lasisi ba ya ɗaure wanda bai taɓa manhajar ba. Akwai kamfanonin da ba su ƙera komai, sana'arsu su sayi shaidun ƙirƙira su zauna jiran wanda zai taka. Sharaɗin ramuwa ba ya yi musu komai, tunda ba su amfani da abin da za a kwace musu. A 2019 wani kamfani mai suna Rothschild Patent Imaging ya kai Gidauniyar GNOME, mai kula da wasu buɗaɗɗun manhajoji, kotu a kan Shotwell, 'yar manhajar tsara hotuna. GNOME ta ƙi biya, ta nemi taimakon jama'a ta tara fiye da dala 150,000, aka sasanta a Mayun 2020 ba ta biya komai ba, da alkawarin da ya rufe sauran manhajoji masu lasisin da OSI ta amince da su. Ba wani sashe na GPL da ya cece ta. Haka nan kariyar da Linux ke samu daga manyan kamfanoni ba daga lasisi take zuwa ba sai daga Open Invention Network, ƙungiyar da aka kafa a 2005 wadda membobinta ke alkawarin ba za su kai juna kotu a kan tsarin Linux ba. Microsoft, mai iƙirarin 235, ya shiga a Oktoban 2018 da shaidun ƙirƙira fiye da 60,000.

Shaidar ƙirƙira kuma tana da iyakar ƙasa, ba ta aiki sai inda aka yi mata rajista, shi ya sa zafin maganar ya fi yawa a Amurka. Ko can ma Kotun Ƙoli ta rage ƙarfinta a shari'ar Alice ta 2014, inda ta ce ɗora tsagwaron ra'ayi a kan kwamfuta bai isa ya zama ƙirƙira ba. A Turai majalisar Tarayyar ta yi watsi da daftarin dokar ƙirƙirar manhaja a Yulin 2005 da ƙuri'a 648 a kan 14. Najeriya na da dokarta ta 1970, Nijar da Chadi da Kamaru suna rajista ta OAPI da ke Yawunde, Gana da Sudan kuma ta ARIPO da ke Harare. Mai rubuta manhaja a Kano ko Maraɗi da kasuwarsa ta tsaya a gida, shaidar da aka bayar a Amurka ba ta kai gare shi. Lissafin na sauyawa ne ranar da ya ɗora manhajarsa a Google Play ana sauke ta a Amurka, ko ya yi wa kamfanin can aiki, ko masu zuba jari suka turo lauyoyinsu su bi lasisin duk abin da ya ɗauko daga GitHub, dandalin da ake ajiye manhajoji, ɗaya bayan ɗaya kafin su sa hannu.